Saƙon da Ya Kwana a Hanya

'Ya'yana da jikokina,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne a ido. Ran nan bayan la'asar ina zaune a zaure, sai ga wani jikana ya shigo fuska a murtuke, waya a hannu, yana ta leƙa ta. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Kaka, tun hantsi na tura wa abokina saƙo kan kuɗin taki, ko kallo bai yi ba. Ai shi ke nan, na gane matsayina." Na ce ya miƙo mini wayar. Da na sa tabarau na duba, sai na ga alama ɗaya ce tak a gefen saƙon. Wato maganar ta bar hannunsa, amma ba ta shiga wayar abokin ba. Yaron nan ya yini yana fushi da mutumin da bai ma san an yi masa magana ba.

Hausawa kan ce shiru ma magana ce. Haka ne, in mutum yana gabanka, ka yi masa magana ya kawar da kai. Amma shirun waya daban yake. Tsakanin bakinka da kunnen ɗan'uwanka akwai doguwar hanya da ba ka gani. Saƙo kan tashi daga wayarka zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan ya bi layuka zuwa manyan kwamfutocin kamfani, a can ya zauna yana jira har wayar wanda ka aika wa ta bayyana. Ƙarfen nan kuwa da janareta da batir yake rayuwa. Man gas zai iya ƙarewa. Masu aikin hanya za su iya tsinke layin da aka binne a ƙasa. Ranar kasuwa a Talata Mafara jama'a kan yi wa ƙarfe ɗaya yawa, kowa na kira lokaci guda. Shi ma abokin naka wataƙila yana fadama ban-ruwa, wayar tana gida ba caji. Duk waɗannan suna nan kafin a zo kan zargin cewa ya raina ka.

Ku kun tashi kun tarar da waya a hannun kowa, shi ya sa minti goma ke yi muku tsawo. Wayar salula ta GSM sai a 2001 ta shigo Najeriya, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta iso ƙauyukanmu. Mu da muka yi makarantar kwana, wasiƙa muke rubutawa, mu liƙa kan sarki, mu jefa a akwatin gidan waya, sannan mu cire rai har sai an yi makonni. In abu ya yi tsanani a buga tangaraho, ana ƙirga kalmomi don kowace kalma kuɗi ce. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗauki muryarsa a kaset, ya ba mai tafiya Kurmi ko Makka. Wani kuma ya sayi katin zaɓi-sonka ya aika Rediyon Kaduna, ya kasa kunne kullum yana jiran a ambaci sunan masoyansa. Ba na ce zamaninmu ya fi naku ba. Na sha ganin wanda labarin rasuwar mahaifinsa ya iske shi bayan an yi sadakar bakwai, kuma ba na yi wa kowa fatan haka. Abin da kawai muke da shi, wanda ku kuka rasa, shi ne sanin cewa saƙo matafiyi ne, yakan kwana a hanya.

Sai dai ku ma Allah Ya nuna muku wannan da idonku. A ranar 1 ga Satumba, 2021, aka ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Ranar 3 ga watan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe layukan waya a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jiha a zamanin Gwamna Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An ce mako biyu ne. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, mu kuwa na sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da izinin buɗe mana. Kasuwannin mako ma a rufe suke a lokacin. Mutanen Gusau suka riƙa zuwa Funtuwa don su yi kira, ba a jima ba ita ma aka yanke ta tare da wasu ƙananan hukumomin Katsina. Mu na wannan yanki Sakkwato muka dosa, ita ma aka rufe ƙananan hukumominta 14, ya zama sai mutum ya kusanci birnin sannan waya ta farfaɗo. Na ga samari masu digiri suna neman takarda da ambulan, suna tsaye a tasha suna roƙon direbobi. Mai zuwa Sakkwato kuwa a haɗa masa wayoyi biyar ko shida a aljihu, don in ya shiga sabis saƙonnin da suka taru su sauka, ya dawo wa masu su da su.

A cikin waɗannan kwanaki na yi wani kuskure da har yau yake damuna. Ƙanwata ta kwanta rashin lafiya, jikin ya yi nauyi. Ɗanta yana aiki a Kano. Na yagi takarda na rubuta masa layi biyu, na ce jikin mahaifiyarsa ya tsananta, ya zo duk halin da yake ciki. Na ba wani direba. Ban sa kwanan wata ba, ni da na yi shekaru a aji ina koya wa yara cewa wasiƙa da kwanan wata take farawa. Motar ta lalace, takardar ta bi hannu uku, ba ta isa ba sai bayan kwana tara. A lokacin Allah Ya ba ta sauƙi, har tana fitowa tsakar gida. Shi kuwa da ya karanta sai ya ɗauka jiya aka rubuta. Ya bar aikinsa, ya kamo hanya da yamma, dare ya yi masa a inda ko da rana mutane ke wucewa da addu'a a baki. Allah Ya tsare shi, ya iso lafiya. Amma da wani abu ya same shi, ban san da wane ido zan kalli ƙanwata ba. Duk abin da na rubuta gaskiya ne a ranar da na rubuta shi. Kwana tara ne suka mayar da shi wani abu daban.

Da sabis ya dawo kuma, sai wayoyi suka yi ta ƙara kamar an kwance kaji. Tsofaffin saƙonnin murya suka riƙa sauka, wasu na makonni. Akwai mai cewa an ga mahara sun doso, kowa ya yi ta kansa, babu sunan gari, babu rana. Wasu suka tura gaba nan take, hankalin mata da yara ya tashi a kan abin da ya riga ya wuce. Wasu saƙonnin kuma ba su zo ba sam, domin WhatsApp kwana 30 yake riƙe saƙon da bai samu mai shi ba, daga nan ya goge. Na san mutane biyu da suka daɗe ba sa ga-maciji saboda ɗaya ya rantse ya aika ta'aziyya, ɗayan ya rantse bai gani ba. Dukansu gaskiya suke faɗa.

To, ina so in ba ku labarin wasu mutane da suka mayar da jinkirin saƙo abin nazari, har suka gina wa kansu ladubba a kansa. Wani tsohon ɗalibina da ya zama injiniya ne ya fara buɗe mini ido a kansu, na bi na karanta, abin ya shiga raina. Su ne masu rediyon sha'awa. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, malamai, makanikai, likitoci, 'yan fansho, da ke cin jarrabawa su karɓi lasisi daga hukumar ƙasarsu, su haɗa na'urar rediyo a gida suna magana da takwarorinsu na nesa. Ba kasuwanci suke yi da ita ba, dokarsu ma ta hana. Kowa yana da lambar kira tasa. Ta ɗan Najeriya kan fara da 5N, ta ɗan Nijar da 5U, saboda haka da jin lambar an san daga inda murya ta fito.

Waɗannan mutane ba su tsaya a ƙasa ba. Shekara huɗu kacal bayan Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, sai wasunsu a Amurka suka ƙera nasu da hannunsu, aka ɗora shi a kan roka ranar 12 ga Disamba, 1961. Sunansa OSCAR 1, nauyinsa bai kai kilo biyar ba, kuma aikinsa ɗaya ne: ya yi ta aiko da gajeriyar gaisuwa har batirinsa ya ƙare bayan kimanin mako uku. A 1969 suka kafa ƙungiyar AMSAT don ci gaba da wannan aiki.

Yawancin taurarinsu ba sa tsayawa wuri ɗaya a sama. Kusa da ƙasa suke shawagi, suna zagaye duniya cikin abin da bai kai awa biyu ba. Saboda haka tauraro zai ɓullo daga wannan gefen sama, ya ratsa, ya faɗi a wancan gefen cikin minti goma zuwa sha biyar, kuma sau kaɗan ne a yini yake bi ta kanka. Wanda ya makara sai ya jira zagaye na gaba. A 1984 aka harba wani mai suna UoSAT-2, wanda Jami'ar Surrey ta Ingila ta ƙera, aka gwada wata dabara a kansa: ka miƙa wa tauraro rubutaccen saƙo lokacin da yake bisa kanka, ya adana shi a cikinsa, ya yi ta tafiya da shi har ya zo bisa garin wanda ka aika wa, sannan ya sauke. Da na karanta wannan sai na tuna direbobin tashar Mafara. Aikin ɗaya ne, sai dai wannan direban a sama yake. A farkon shekarun 1990 an yi amfani da irin wannan dabara, a wani shiri da ake kira HealthNet, likitoci a ƙasashe irin su Zambiya da Yuganda da Kenya suna aika tambaya kan mara lafiya, amsa ta zo bayan sa'o'i, suna murna domin a da makonni take yi. Kuma daga wannan gida na Surrey ne kamfanin da ya ƙera NigeriaSat-1 ya fito, tauraron Najeriya na farko, wanda aka harba a Satumbar 2003. Kun ga abin da aka fara da sha'awa inda ya kai.

Amma wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne OSCAR 7. An harba shi ranar 15 ga Nuwamba, 1974, ina saurayi a lokacin, ana shirin fara aikin dam ɗin Bakolori. Ya yi aiki har 1981, batirinsa ya lalace, ya yi tsit. Kowa ya ɗauka ya mutu. A watan Yunin 2002, bayan shekara 21, wani mai rediyon sha'awa a Ingila yana murɗa na'urarsa sai ya ji wata murya da ya sani. OSCAR 7 ne. Ashe abin da ya toshe wutar a cikin batirin ne ya saki, tauraron ya koma shan wuta kai tsaye daga hasken rana. In rana ta haske shi ya yi magana, in ya shiga inuwar duniya ya yi shiru. Nakan tuna shi duk lokacin da na ji wani ya ce ya yanke zumunci da ɗan'uwansa don ya kwana biyu bai kira ba. Wa ya sani ko inuwa ya shiga? Talauci inuwa ne, rashin lafiya inuwa ce, kunyar bashi ma haka.

Yanzu akwai wani tauraro na ƙasar Ƙatar, Es'hail-2, da aka harba a 2018, wanda yake ɗauke da na'urar masu rediyon sha'awa, yana tsaye daidai wuri ɗaya a nisan kusan kilomita 36,000, yana ganin Afirka gaba ɗayanta dare da rana. Shi ma duk da haka sai murya ta ɗauki wajen rubu'in daƙiƙa kafin ta hau ta sauko, ko da yake tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Ko haske ma tafiya yake yi.

Abin da nake so ku ɗauka daga mutanen nan shi ne yadda suke magana. Da yake sun san lokacin kaɗan ne kuma hanya ba tabbas, mutum yakan fara da faɗin ko shi wane ne da inda yake. Yakan rubuta rana da sa'a a littafinsa, kuma dukansu agogo ɗaya suke bi a duniya don kada a rikice. Yakan taƙaita, domin a wasu taurarin mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda, in ka cika surutu ka cinye rabon wasu. Sannan ba sa lissafa magana a matsayin ta yiwu sai ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ya ji. Har kati suke aika wa juna na shaida, ɗauke da rana da lokaci, wani katin ya yi shekara a hanya, kuma babu mai fushi.

Ku gwada wannan a wayoyinku. In za ka aika saƙon murya kan abin da ya shafi rai ko tsaro ko kuɗi, fara da sunanka, da garin da kake, da ranar da kake magana. "Ni ne wane, daga Birnin Tudu, yau Laraba da safe." Numfashi ɗaya ne, amma zai iya hana wani bin hanyar dare. In saƙon tashin hankali ya iso maka babu rana babu wuri, riƙe shi tukuna, ka kira wanda ke can ka tambaya. Suratul Hujurat ta hore mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, ita ce kuma ta gargaɗe mu kan yawan zato. Malamanku sun karantar da ku wannan, waya ba ta soke shi ba. In kuma ka aika ba a amsa ba, kada ka jera guda goma, kowanne ya fi na baya zafi. Ranar da sabis ya dawo gaba ɗaya za su sauka, ɗan'uwanka ya karanta zagi kafin ya karanta gaisuwa. In abin na gaggawa ne ka nemi wata hanya, ka kira maƙwabcinsa, ko ka taka da ƙafarka, tunda zuwa da kai ya fi aike.

Kada ku ɗauka ina wanke kowane jinkiri. Akwai na hanya, akwai na mutum, kuma mu mutanen Birnin Tudu mun san na biyun fiye da kowa. Da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidaje, aikin shimfiɗa magudanai ya hana wasu noma. Manoma suka yi ta kai kuka kan diyya, suna jiran amsa, damina ta zo ta wuce. Kukan ya isa inda aka aika shi, amsar ce ba ta zo a kan kari ba. Da haƙuri ya ƙare suka tare hanyoyin aiki, a watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sanda, aka zubar da jini a wannan ƙasa tamu. Ku tambayi tsofaffin gidajenku, akwai waɗanda har yanzu ba sa iya ba da labarin su kai ƙarshe. Cikinku akwai waɗanda gobe za su zauna a ofis, takardun talakawa su taru a gabansu. Akwai waɗanda tun yau ake ba su saƙo a tasha ko a ƙofar masallaci. Saƙo amana ne. In an ba ka, ka isar a ranar. In ya zo maka, ko ba ka da abin da ake nema, ka ce ka gani, ka faɗi ranar da za ka waiwayo. Wannan kalma ɗaya, "na gani", tana kwantar da zuciyar da ta kwana tana saƙe-saƙe. Na fi jin zafin yaron da uwarsa ta aiko masa da murya daga ƙauye, ya saurara, ya ce sai anjima, anjimar ta zama mako, fiye da yadda nake jin zafin kamfanin waya.

Jikan nawa, in kuna son jin ƙarshen labarinsa, bayan isha'i wayarsa ta yi ƙara. Abokin ne. Ya yini a asibiti da ƙaninsa, wayar a kashe. Na ga yaron ya sunkuyar da kai. Ban ce masa komai ba, sai da safe na ce ya shirya mu je dubiya.

Saura magana ɗaya, ga masu son ilimin na'ura a cikinku, musamman ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Watanni ukun nan na 2021 sun nuna mana cewa duk maganarmu a kan igiya ɗaya take rataye. Ina sha'awar in ga yaranmu sun san yadda rediyo ke aiki, sun iya haɗa eriya, sun iya lissafin lokacin da tauraro zai wuce ta kan Bakura. Sauraro kawai ma makaranta ce. Amma ina roƙonku da girman Allah, kada wani ya je kasuwa ya sayo rediyon oba-oba ya fara kira ba izini. A halin da yankinmu yake ciki, wanda aka gani da irin wannan na'ura ba takarda zai iya shiga bala'in da bai san mafitarsa ba. Ku bi ta hannun malamanku, ku kafa ƙungiya a makaranta da sanin hukuma, ku nemi lasisi kamar yadda takwarorinku na duniya ke yi.

Kai kuma da ke karanta wannan a Kano ko Abuja ko Legas, buɗe wayarka yanzu ka duba. In akwai saƙon gida da ka saurara ba ka amsa ba, amsa shi kafin ka kwanta. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.